Adon Sallah Daga Tsohon Katako: Yadda Nake Yin Nawa a Tsakar Gida

Shekara huɗu ke nan da yayyena maza suka cire ƙyauren zauren gidanmu na gado, can cikin garin Sakkwato wajen Ƙofar Taramniya, suka sa na ƙarfe. Ban ga laifinsu ba, don ƙasansa ya riga ya ci. Ran wata Juma'a na je gaida Inna, sai na tarar an jingine shi bayan madafa, har an fara ɓamɓarar gefe guda ana hura wuta. Ƙyauren nan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi fiye da shekara 30 yana tura shi kowace asuba in zai fita masallaci. Wurin da yake dafawa har ya yi santsi, ya yi duhu. Na sa yara suka ɗora mini shi a Keke Napep. Inna ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi za ki yi da wanga ruɓaɓɓen icce?" Na ce, "Inna, ki dai bar mini shi, in Sallah ta zo kya gani."

Daga jikinsa na fitar da jinjirin wata guda, fitilu biyu, da tiren zuba wa baƙi dabino da cincin. Ni malamar firamare ce a Runjin Sambo, ba kafinta ba, kuma kafin wannan lokacin ban taɓa riƙe zarto ba. Abin da na iya, wani dattijon kafinta na bakin layinmu ne ya nuna mini rabi, sauran rabin kuma katakon da na ɓata ne ya koya mini. Zan yi maganar da mace a raina, don mu ne ke fama da gyaran ɗaki kowace Sallah, amma namijin da ya ga dama ya ɗauka.

Abu guda nake so ki riƙe tun daga farko: tsufan katakon shi ne adon. Hudar ƙusa, tabon tsatsa, tsagar da rana ta yi, inda hannu ya goge, kada ki yi ƙoƙarin ɓoye su. In kika kankare su duka kika lulluɓe da fenti mai ƙyalli, kin yi wahalar banza, gara ki je Babbar Kasuwa ki sayi na roba. Kuma akwai dalili na aiki ban da na sha'awa. Sabon katakon da ake kawo mana daga Kudu yakan zo da sauran danshi a jikinsa. Da zarar hunturun Sakkwato ya buge shi sai ya tsuke, ya murɗe, mahaɗarsa ta buɗe baki. Tsohon da ya sha hunturu goma ko ashirin a garin nan ya gama yawancin motsin da zai yi. Yadda kika haɗa shi haka zai zauna.

Inda ake samu, da wanda za ki bari

Fara da gidanku. Tsohuwar taga, ƙafar gadon da ya karye, allon kabad, bencin da aka jefar a bayan gida, akwatin katako na aure irin na iyayenmu. Daga nan ki tura yaro shagon kafinta ya roƙo guntaye. Yawancinsu tara su suke yi masu tuyar ƙosai su kwasa, in an yi magana da ladabi za a ba ki, wani lokaci a karɓi ɗan abin goro. Masu sayar da tayil da kayan sola da injin janareta kuma suna da katakon da ake ɗora kaya a kai, wanda ake kira falet, da akwatunan da aka kunce.

Falet ɗin nan ki duba gefensa kafin ki ɗauka. Wanda ya ƙetaro daga ƙasar waje yana da hatimi da aka buga masa. In kin ga HT, zafi aka gasa shi da shi, har cikinsa ya kai maki 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari, wannan ba matsala. In kin ga MB, an turara shi da wani maganin ƙwari mai guba, ki bar shi inda kika gan shi. Haka duk katakon da ya fito daga shagon taki ko maganin feshi, ko wanda ya sha baƙin mai, ko mai warin da ba ki gane ba. Hanci ya fi ido aiki a nan. Allunan da magina suka zuba kankare a kai su ma ba na so, simintin da ya maƙale yana dakushe zarto cikin yanka biyu.

Tsohon fenti shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Fentin mai na da, wanda ke kan tsofaffin ƙofofi da tagogi, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Saboda haka katakon da ke da tsohon fenti mai kauri yana ɓarewa, ba na goga shi a bushe, ba na ƙona shi, kuma a gaskiya yawanci ba na ɗaukarsa ma. Ƙyauren mahaifinmu na yi sa'a, ba a taɓa yi masa fenti ba.

Game da irin iccen, kafintocinmu kashi biyu suke rabawa, jan katako da farin katako. Ja, irin su maɗaci, yana da nauyi da kyan launi, ga ƙarko, amma yana ba hannu wuya. Fari yana da sauƙin yanka, shi ya kamata mai koyo ta fara da shi, sai dai ƙwari na sonsa. Azarar giginya da ake cirewa daga tsofaffin soraye gara ba ta cika damunta ba, amma sartsenta kamar allura ne, ba ta gogewa ta yi laushi, ni dai gindin ajiye abu kawai nake yi da ita. Turmin kirya da ya tsage kuwa ba ya buƙatar komai. Ki wanke, ki kife shi a kusurwar ɗaki, ki ɗora faranti na ƙarfe, ki ɗora kaskon turare a kai.

Aikin da ya fi cin lokaci

Cire ƙusa shi ne farko, kuma a nan na sha darasi mai zafi. Shekarar farko na bar guntun allo a tsakar gida da ƙusarsa a sama, na shiga duba tukunya. Ƙaramin ɗana ya taka. Muka kwasa sai asibiti, aka wanke, aka yi masa allurar rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Ya warke, alhamdu lillahi, amma kwana uku ban taɓa katakon ba. Tun daga ranar, allon da na ɗauka ba na ajiye shi sai na cire masa ƙusa ta ƙarshe, kuma kowa a gidan da takalmi yake yawo har a share. Ki juya allon, ki bugi tsinin ƙusar da hama ta koma baya, sannan ki zare ta da kunnen hamar, kina tokara ɗan guntun katako a ƙasa don kada ya yi wa allon rami. Wadda kanta ya gutsure, a kama da filaya a murɗo. Ki bi allon da maganaɗisun tsohuwar sifika, zai nuna miki wadda ta ɓuya. Ƙusoshin nan masu tsatsa kada ki zubar, ki tara a gwangwani mai murfi, suna da aiki a gaba.

Sai binciken ƙwari. Ki ƙwanƙwasa allon, in ya yi ƙara kamar fanko gara ta cinye cikinsa, a yanke wurin a jefar nesa da gida. In kin ga ƙananan huda kamar na allura, gari mai laushi yana zubowa, akwai mai rai a ciki. Maganinsa Allah ya ba mu kyauta a garin nan. Ki naɗe allunan a baƙar leda, ki ɗaure bakin, ki shimfiɗa bisa siminti ko rufin kwano inda rana ke duka tun hantsi. A watan Maris zuwa Mayu, da zafinmu ke wuce maki 40 a inuwa, cikin ledar nan ba ƙwaron da zai jure. Nakan bar su kwana huɗu ko biyar ina juyawa, mai kauri kuma mako guda.

Wanki ba jiƙawa ba ne. Burushi mai tauri, ruwan omo kaɗan, a cuɗa a ɗauraye da sauri, a jingine a inuwa iska ta busar. In kika shanya jiƙaƙƙen allo a rana zai lanƙwashe kamar kwale-kwalen Kwalkwalawa. Bayan kwana biyu sai gugar samfefa. Ki fara da lamba 80 don cire sartse da kaifin baki, ki bi da 120, ki tsaya nan. Tire ne kaɗai nake kai wa 180, saboda hannu na yawan taɓa shi. A bi tsawon jijiyar iccen, kada a gitta. Ki naɗe samfefar a guntun katako, ki ɗaura ƙyalle a hanci, ki yi a waje. Da kin shafa da tafin hannu ba abin da ya kama ki, ya isa, ko da launin tsufan na nan. Shi muke nema.

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, hama mai kunne, filaya, tef na awo, fensir, ƙusa inci 1 da inci 1 da rabi, da farin gam na katako irin su Top Bond. Mahudi nakan ara, ko in kai wa kafinta ya huda mini. Tsohon tub na babur ki yanka shi siri-siri, shi ne maɗaurinki lokacin da gam ke bushewa.

Busasshen tsohon katako yana saurin tsagewa in ƙusa ta shige shi, musamman kusa da baki. Dattijon kafintan nan ya ga ina ta ɓarna, ya ce, "Malama, dakushe mata baki tukuna." Wato ki kife ƙusar, ki ɗan bugi tsininta da hama sau biyu. Mai tsini raba jijiyar iccen take yi kamar gatari, dakusasshiya kuwa murƙushe ta take ta wuce. Ki goga mata sabulu, ta shiga ba gardama. A jan katako dole sai an fara huda ƙaramar hanya. Shi kuma gam, a zafinmu yana yin fata kafin ki gama daidaita allo, don haka da sassafe nake haɗi, in shafa siriri a gefe biyu, in ɗaure da roba, in danne da bulo, in bar shi sai gobe.

Launi daga madafa da Shiyar Maɗunka, unguwar dukawa

Wannan sashen shi na fi so, don ilimin na garinmu ne. Majemanmu da bagaruwa suke jeme fatar jan akuyar da ta kai sunan Sakkwato har ƙetaren hamada, dukawa kuma suna yin baƙin rininsu na kuloko da ƙarfe. Sirrin shi ne, abin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa, in ya gamu da ruwan ƙarfe, baƙi yake komawa. Yadda yake yi a fata haka yake yi a icce.

Ki ɗebo ƙusoshin nan masu tsatsa cike da hannu biyu, ki zuba a kwalba, ki rufe su da ruwan khal. Kada ki ɗaure murfin, yana fitar da iska, ki ɗora ƙyalle kawai. Ki ba shi mako guda, sannan ki tace. A gefe guda ki daka bagaruwa cike da hannu, ki zuba ruwan zafi kofi biyu, ta kwana, ki tace. In babu bagaruwa, baƙin shayi mai kauri ƙwarai yana yi, sai dai bai kai ta ƙarfi ba. Ki fara shafa ruwan bagaruwar, ya bushe, sannan ki bi da ruwan ƙarfen. A gaban idonki cikin 'yan mintuna farin katako zai koma toka-toka, in kin maimaita ya tasam ma baƙi. In ya yi miki duhu da yawa, ki sirka ruwan ƙarfen da ruwa. Babban amfaninsa a wajena shi ne bakin yanka. Duk inda zarto ya bi, sabon fari yake fitowa yana faɗa da tsohon launi. Shafa ɗaya da wannan ruwa sai su saje, ba mai gane inda aka yanka.

Ja kuma karan dafi nake jiƙawa da ruwan zafi da ɗan kanwa. Lalle yana ba da ja mai ruwan ƙasa, kurkum yana ba da rawaya. Waɗannan ukun rana na kashe su da sauri, na cikin ɗaki kawai nake yi wa. Kowane launi ki gwada a guntun irin allon kafin ki taɓa na gaske, domin maɗaci da farin katako ba iri ɗaya suke karɓa ba.

Jinjirin wata

Shi ne uban tafiyar. Ki jera siraran alluna gefe da gefe har su ba ki fili mai inci 20 kowane gefe. Kada ki damu in launinsu ya bambanta, hakan ya fi kyau. Ki manna su duka bisa guntun filawud da gam da ƙananan ƙusoshi ta baya. Ki sami tsakiya ki kafa ƙusa, ki ɗaura zare da fensir, tsawon zaren inci 9, ki zagaya da'ira. Daga tsakiyar ki matsa inci 3 zuwa dama, ki sake kafa ƙusa, ki rage zaren zuwa inci 7 da rabi, ki sake zagayawa. Abin da ya rage a hagu tsakanin da'irorin biyu shi ne watanki, cikinsa inci 4 da rabi, ƙahonninsa sirara. Wadda ba ta son awo ta kife babban tire ta zana, ta bi da murfin tukunya wanda bai kai shi ba.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ki kai wa kafinta mai injin yankan lanƙwasa ya fitar miki da shi, aikin minti kaɗan ne, amma ki tabbata ba ƙusa a kan layin. Ko kuma kada a yanke komai, ki bar allon da kusurwa huɗunsa, ki huda ramuka a kan layin zanen, inci ɗaya tsakanin kowane biyu, ki cusa ƙananan ƙwayayen fitilar nan mai igiya ta baya, mai aiki da batir. Ki fara gwada girman hudar a guntu, ƙwan ya shiga da ɗan matsi. Akwatin batirin a maƙale shi a baya inda hannu zai kai. Ni ta biyun na yi da ƙyauren mahaifinmu, don ban iya ganin an jefar da ko ɓallinsa ba, kuma na daidaita zanen yadda wurin da hannunsa ya goge ya faɗo a cikin cikin watan. Daren da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, yara ke kunna shi, ko akwai wutar lantarki ko babu.

Tauraro ba ya cin lokaci. Sanduna biyar sirara masu tsawo ɗaya, inci 12, a jera su yadda ake zana tauraro ba a ɗaga alƙalami ba, a haɗa bakunansu biyu-biyu. Maimakon ƙusa, nakan sayo ragowar yankan fata a Maɗunka, ja da kore, in ɗaure kowane tsini da ita bayan ɗigon gam. Mai tsini takwas ya fi sauƙi ma: firam biyu masu kusurwa huɗu, a ɗora ɗaya kan ɗaya a karkace, irin wanda muke gani a zayyana. Wannan aikin yara ne, nawa su ke yi.

Fitila da tire

Fitilar tana son allo biyu masu inci 6 kowane gefe, gindi da rufi, da ginshiƙai huɗu masu tsawon inci 10, kaurinsu kamar babban yatsa. Abin lura ɗaya ne, ginshiƙan su zo daidai. Ki ɗaure su huɗun da roba ki yanke su tare, in ba haka ba fitilar za ta tsaya a karkace. Ki kafa su a kusurwoyin gindin da gam, ƙusa ta shigo ta ƙasa, ki ɗora rufin, ki ƙara ƙaramin allo mai inci 4 a samansa, sannan maratayi na fata ko waya. Gefe uku nakan rufe da yankin tsohuwar tabarmar kaba, haske na tsiyayowa ta saƙar ya zana bango. Na huɗun a bar shi buɗe.

Ciki fitilar batir ko ta caji kawai. Kyandir ko aci-balbal a cikin busasshen katako da kaba, a gida mai yara da labule, ba abin da zan yarda da shi ba ne. Duk wanda ya ga hayaƙin Babbar Kasuwa a Janairun 2021 ya san yadda wuta ke gudu a garin nan lokacin iska.

Tire kuwa gindi ne mai inci 16 da 10, da bango mai tsayin inci 2, da hannuwa na fata da aka kafa da ƙusa mai faɗin kai. Tun da ba ki san duk inda katakon ya shiga ba a rayuwarsa, kada abinci ya taɓa shi kai tsaye. Ki shimfiɗa faifai ko ki jera ƙananan kwanoni, dabino nan, goro nan, alawar yara nan.

Rubutu

Allon "Barka da Sallah" na bakin ƙofa, na fi son a ƙona rubutun da a yi shi da fenti, yadda masu zanen ƙwarya ke yi. Ki rubuta da fensir tukuna, boko a sama, ajami a ƙasa. Ki kafa doguwar ƙusa inci 4 a guntun sanda ta zama mariƙi, ki yi guda biyu, ki sa bakinsu a garwashi, kina aiki da ɗaya ɗayar na yin ja. Kada ki ja layi, ɗigo-ɗigo za ki riƙa dangwalawa a jere, ya fi fita tsaf kuma hannu ba ya kuɓucewa. A gefe nakan sa dagi ko 'yan kusurwoyi irin na jikin soraye. Farin katako ya fi karɓar ƙuna. Wanda ke da fenti ko banish ba a ƙona shi, hayaƙinsa cuta ne.

Abu biyu ba na yi. Ba na sassaƙa siffar mai rai. Kuma ba na rubuta aya ko sunan Allah a kan kayan adon nan, domin abu ne da zai faɗi ƙasa, yaro ya ja shi, wata rana ya tsufa wani da bai sani ba ya jefa shi murhu. Gaisuwar Sallah ta wadatar.

Shafin ƙarshe, banish mai ƙyalli yana mayar da tsohon icce kamar roba, ba na amfani da shi. Kakin zuma nake saye wurin masu zuma, kashi ɗaya, da man jarirai marar ƙamshi kashi huɗu. A sa su a gwangwani, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har su narke su haɗu, kada a ɗora kai tsaye a wuta. In ya huce ya zama kamar man kaɗe, a shafa da tsumma, a bari minti 20, a goge da busasshe. Launin zai zurfafa, jijiyar iccen ta fito, ƙurar hunturu kuma shafa ɗaya take sauka. Man gyaɗa kada ki gwada, yana yin wari daga baya. Wadda ta yi amfani da man katako na kanti irin wanda ke bushewa da kansa, kada ta dunƙule tsumman ta jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta shi kaɗai. A baza shi a ƙasa ya bushe, ko a tsoma a ruwa.

Lokacin farawa shi ne Sha'aban. Cire ƙusa, gasawa a leda, wanki da guga duk a gama su kafin a ɗauki azumi, don ba mai iya jan zarto da ƙishirwar bazara a wuya. Shekarun nan Ƙaramar Sallah a zafi take faɗowa, ta 2024 ran 10 ga Afrilu, ta 2025 ran 30 ga Maris, kuma kowace shekara tana matsowa baya da wajen kwana 11, don haka aikin Sha'aban yana komawa cikin hunturu, sai a ƙara wa ledar kwanaki a rana. Cikin azumi haɗi da shafa launi kawai nake yi, rabin awa bayan asuba. Goman ƙarshe ba na taɓa komai, na ibada ne da ɗinki da tuyar cincin.

Bayan Sallah ki cire batura, don in suka kwana a zafi suna zubar da ruwa su ci waya. Ki goge komai, ki naɗe a tsohon zane da busasshen ganyen dogon yaro, ki ɗora saman kabad. Kada ki jingina da bango ko ki ajiye a ƙasa, damina na shigowa gara za ta same su. In Babbar Sallah ta zo a sake shafa kaki a fito da su.

Tiren farko ban riƙe shi ba. Ranar Sallah, bayan maza sun dawo daga Faƙon Idi, na zuba dabino na kai wa Inna. Ta karɓa tana jujjuyawa, ta kai yatsa kan wata tsaga da ke gefensa, inda sakata ta daɗe tana bugu. Ta yi shiru, can ta ce, "Wanga na zaure na." Na ce, "Shi ne, Inna." Ta tashi ta ɗora shi bisa kabad ɗin kwanoninta, ta juye dabinon a wani kwano dabam. Har yau yana can, ba ta bari a zuba komai a ciki.